Ƙuduji a gonar jiki: kansa, abinci da sojojin da suke isowa su kasa yaƙi

Bara, bayan an dawo da goggona daga Yamai da takardar da ta tabbatar kansar mama ce, abu na farko da gidanmu ya yi shi ne ɗauke mata sukari. Wata murya ce ta yi ta yawo a WhatsApp, wani mutum da bai faɗi sunansa ba yana cewa kansa sukari take ci, in ka hana ta sai ta mutu da yunwa. Daga sukari aka koma zuma, daga zuma aka koma dabino, har ta kai ana gardama kan ko furar gero ma ta halatta. Ranar da na je gaishe ta a Bagalam na tarar da ita zaune kan tabarma, ga ƙwarya gabanta da ruwan zogale tsararo. Na durƙusa na ce, “Goggo, ya jiki?” Ta ce, “Da sauƙi, ɗan nan. Amma kai da ka yi boko, gaya mini, ciwon ne zai kashe ni ko yunwar?”

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, ba likita ba. Tambayar tata ce ta mayar da ni karatu, kuma abin da na tarar ya fi muryar nan ta waya sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Mai muryar bai yi ƙarya duka ba. Rabin gaskiya ya ɗauko, kuma rabin gaskiya a bakin mai tabbaci ya fi ƙarya ɓarna.

Rabin da ya faɗa daidai tsoho ne, ya kai shekara ɗari. A shekarun 1920 wani Bajamushe mai suna Otto Warburg, a birnin Balin, ya riƙa yanka ƙarin kansa sirara-sirara yana auna abin da suke ci da abin da suke fitarwa. Ya ga suna zuƙar glukos, wato sukarin da ke yawo cikin jini, fiye da lafiyayyen nama sau da yawa, suna mayar da shi asid ɗin laktik. Wannan asid ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne tsamin da ke cikin nonon da ake dama fura da shi. A 1925 wasu mata da miji, Carl da Gerty Cori, suka gwada abin a jikin kaza mai ƙari a fiffike ɗaya. Jinin da ke fitowa daga fiffiken mai ƙari sukarinsa ya ragu, tsaminsa ya ƙaru, in aka kwatanta da na ɗaya fiffiken. Yau ma na'urar hoto da ake kira PET da wannan kwaɗayin take kama kansa: a ɗura wa mutum wani irin sukari mai alama, inda ya fi taruwa nan ake zargi.

Abin mamakin shi ne hanyar da ƙwayar kansa ta zaɓa hanyar asara ce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ƙuli-ƙuli ya san aikin. Ta soya gyaɗa, a niƙa, ta yi ta murzawa tana yayyafa ruwan zafi har man ya fito sarai, tunkuza ta bushe. Haka lafiyayyar ƙwayar jiki take yi da glukos: ta shigar da shi wani ɗan ɗaki a cikinta da ake kira mitokondiriya, ta ƙone shi da iskar oksijin har ƙarshe, ta sami wajen 30 na ƙwayar ƙarfin da ake kira ATP daga kowane glukos guda. Ita kuwa ta kansa, matsa ɗaya take yi, ta sami 2 kacal, ta watsar da tunkuzar da manta a ciki, ta ɗebo wata gyaɗar. Naman ƙafarka ma yana yin haka in ka sheƙa da gudu iska ta gaza. Bambancin, ƙwayar kansa tana yi ko da iskar tana nan. Warburg ya ɗauka injin ƙonawar ne ya lalace, kuma wannan lalacewar ce asalin kansa. A nan ya kuskure, don an gano a yawancin kansa mitokondiriyar tana aiki. Dalilin ya fi kusa da na magini: wadda za ta rabu biyu yau, gobe huɗu, jibi takwas, tubali take nema fiye da wuta. In ka ƙone itace duka ka sami zafi, amma ba ka da azara. Gutsattsarin glukos da ba a ƙone ba su ake sarrafawa a gina bango da kayan cikin sabuwar ƙwaya.

To, a nan ne maganar ta shafi sojojin jiki, kuma a nan mai muryar ya bar hanya.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Su ne maharban: suna iya gane ƙwayar da ta sauya kama, su manne mata, su huda ta. Kafin a tashe su a kwance suke, cinsu kaɗan, kamar mai gadi yana gyangyaɗi. Da zarar sun ji ƙararrawa sai su fara hayayyafa da sauri suna ƙera makamai, kuma don yin haka sai su koma irin cin nan na gaggawa da ɓarna, daidai irin na kansa. Wato ɓarawo da mai gadi akushi ɗaya suke sa hannu. A 2015 bincike biyu suka fito lokaci guda a mujallar Cell, ɗaya daga ɗakin binciken Erika Pearce a Sen Luwis, ɗaya daga na Susan Kaech a jami'ar Yale, duka a Amurka. A jikin ɓeraye suka nuna cewa ƙarin da ya fi zuƙar glukos ya fi raunana ƙwayoyin T da ke cikinsa. Sojojin suna nan, an ƙirga su, sun iso filin daga, amma sinadarin yaƙin da ake kira intaferon-gama da suke fitarwa ya ragu ƙwarai. Soja ne da bindiga a kafaɗa, cikinsa fayau.

Labarin ya yi daɗin faɗa, har ya kusa zama karatun allo. Sai a 2021 masu bincike a jami'ar Vanderbilt suka wallafa wani aiki a mujallar Nature da ya dagula shi. Sun bi sawun sukari mai alama cikin ƙari, suka ware ƙwayoyin iri-iri don su ga wa ya fi ci. Ashe ba ƙwayar kansar ba ce a gaba. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne, dangin waɗanda ake kira makrofaj, masu haɗiye datti. Sai ƙwayoyin T a bayansu, sannan kansa. Abin da kansar ta fi kowa wawura shi ne glutamin, ɗaya daga tubalan furotin. Ni wannan sakamakon ya fi burge ni a kan na farko, don ya nuna ƙari gari ne guda da mazauna iri-iri, kowa da abin da yake ci, kuma wanda ya ce maka abu ɗaya tak kansa take ci bai leƙa garin ba.

Yunwa ma ba ita kaɗai ce matsalar sojan ba. Akwai kuma dattin da ake zubarwa.

Tsamin nan na laktik da ƙwayoyin kansa ke tofarwa ba ya tafiya ko'ina da sauri, don hanyoyin jinin da ƙari ke ginawa kansa karkatattu ne, masu yoyo, kamar lambatun unguwar da aka gina ba tsari. A cikin jini laktet, wato laktik ɗin nan, bai cika wuce 1 zuwa 2 ba a ma'aunin milimol, amma a cikin wasu ƙari yakan ninka haka sau goma ko fiye. Ma'aunin tsami na jini yana tsaye wajen 7.4, na cikin ƙari yakan sauka zuwa 6.5, kuma a wannan ma'aunin saukar lamba ƙaruwar tsami ce. Ga lamba kamar ba komai, ga ƙwaya kuwa wata duniya ce. Ka tuna ita ma ƙwayar T laktik take samarwa in tana yaƙi, kuma sai ta fitar da shi waje kafin ta ci gaba. Ƙofar fitarwar tana aiki ne in waje ya fi ciki ƙaranci. In waje ya cika maƙil, nata ya taru a cikinta, aikinta ya tsaya. Kamar mai shara ce ta fito da kwandonta ta tarar juji ya toshe ƙofar gida. Wani bincike daga Regensburg ta Jamus a 2016 ya nuna haka ga ƙwayoyin T da wasu maharban da ake kira NK, kuma da aka rage wa ƙarin ikon yin laktik, garkuwar ɓerayen ta fi iya riƙe shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, in har ana jin haushin ƙwaya, shi ne wannan dattin abinci ne ga wasu. Cikin ƙwayoyin T akwai wani rukuni da aikinsu raba faɗa, su ce wa maharba “ya isa haka”. Muna buƙatarsu, don ba don su ba garkuwar mutum sai ta far wa jikinsa. Waɗannan masu sulhun, kamar yadda wani aiki daga Pittsburgh ya nuna a 2021, suna iya cin laktet su rayu da shi. Saboda haka wurin da maharbi ke shaƙewa, nan mai hana faɗa ke ƙiba. Makrofaj ma laktik yana juya musu tunani: su ɗauka rauni ne ake son ya warke, su shiga taya ƙarin shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, suna fitar da wani sinadari mai suna arjinez da ke cinye arjinin, wani tubalin da ƙwayar T ba ta iya aiki sai da shi. An aiko su kama ɓarawo, sun koma yi masa dako.

Sai ƙarancin iska. Oksijin ba ya iya nisa daga hanyar jini fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, don haka tsakiyar ƙari mai girma kullum a shaƙe take. Ƙwaya tana da makunnin da ke tashi in iska ta yi ƙasa, HIF sunansa, kuma gano yadda yake aiki ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. In ya tashi, cin glukos ya ƙaru, tsami ya ƙaru. Yana kuma ƙara wasu almakasai biyu a bayan ƙwaya, CD39 da CD73, waɗanda ke yanka ATP da ya zubo daga matattun ƙwayoyi su mayar da shi adinosin. ATP a waje ihu ne na neman agaji. Adinosin kuwa lallashi ne, shi ne sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya sa mu jin barci, wanda kafeyin na shayi da Nescafé ke tarewa. Ihun “ɓarawo!” ake kamawa a mayar da shi waƙar reno.

Akwai dabara ɗaya da labarinta ya tsaya mini a rai. A 1998 David Munn da Andrew Mellor, a jihar Jojiya ta Amurka, suna neman amsar tsohuwar tambaya: ɗan tayi rabinsa na uba ne, baƙo ne a jikin uwa, me ya hana garkuwarta kore shi? Suka gano mabiyiya tana da wani sinadari, IDO, mai rusa tiriftofan, wani tubalin furotin da ƙwayoyin T ke buƙata. Da suka toshe IDO a ɓeraye masu ciki, garkuwar uwar ta far wa ƴan tayin, cikin ya zube. Daga baya aka ga kansa iri-iri suna kunna wannan IDO ɗin. Rahamar da Allah ya tanada don kare jariri a ciki, ita ƙari ya ara ya lulluɓa. Abin da tiriftofan ke komawa bayan an rusa shi, kinurenin, shi ma yana ƙara yawan masu raba faɗan nan.

Duk mai hankali zai ce to a toshe IDO mana. An yi. Maganin epacadostat ya ba da fata sosai a gwaje-gwajen farko, kamfanoni suka zuba kuɗi. Aka haɗa shi da pembrolizumab, ɗaya daga magungunan da ke cire wa ƙwayoyin T birki, irin waɗanda tushen bincikensu ya ba James Allison da Tasuku Honjo Nobel a 2018. Mutum fiye da 700 masu kansar fata mai suna melanoma aka gwada a kansu. A watan Afrilun 2018 sakamako ya fito: haɗawa da epacadostat bai ƙara komai ba. A ganina darasin a fili yake. Gari mai ƙofa goma ba a cin sa da toshe guda. Ka hana tiriftofan rushewa, ga tsami nan, ga adinosin, ga arjinin babu.

Ba a ce hanyar abinci ba ta taɓa cin nasara ba. Wata kansar jini da ta fi kama yara ƙwayoyinta ba sa iya ƙera asparajin da kansu, sai sun samu daga jini, alhali lafiyayyun ƙwayoyi suna iyawa. Maganin asparajinez yana share shi daga jini, kuma shekaru da dama ke nan yana cikin ginshiƙan maganin wannan cuta. A 2019 kuma masu bincike a Johns Hopkins suka toshe amfani da glutamin a ɓeraye: ƙarin ya galabaita, ƙwayoyin T kuwa suka sauya abinci suka ƙara ƙarfi. Ɓeraye ne dai, kuma an sha warkar da ɓera da abin da ya gaza a jikin mutum. Amma ka lura da inda nasarar take: an nemo abu ɗaya da kansar ba ta iya yi, lafiyayyen jiki yana iyawa, aka soke ta daidai nan. Wannan aikin allura ne. Ɗauke wa majinyaci akushi aikin gatari ne.

Ga dalilin. Sukarin jinin mai lafiya da safe kafin ya ci komai yana tsakanin giram 0.7 da 1.1 a lita, kuma jiki ba ya yarda ya faɗi ƙasa da haka, don ƙwaƙwalwa da shi take aiki. In ba ka ci ba, hanta ta ƙera shi. Da me? Da naman jikinka, da kuma laktet ɗin da ƙarin ya zubar. Hanta tana kashe ATP 6 ta mayar da laktet glukos, ƙarin ya sake zuƙewa ya sami 2, ya sake zubarwa. Ribar tasa, asarar ta majinyaci. Wannan zagayen yana cikin abubuwan da ke kawo ramar nan mai ban tsoro ta masu kansa, wadda hannu ke komawa kamar kara. Saboda haka wanda ya daina ci bai hana ƙarin komai ba, cinyarsa da damtsensa ya miƙa masa. Sojojin jiki kuwa, su ma za su ji jiki, kuma ramammen majinyaci shi ya fi kasa jure wa tiyata da ƙarin ruwan maganin kansa.

Manoman Tibiri da Jiratawa sun san wannan lissafin a gona. Ƙuduji yana manne wa saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa, ya gama rabin ɓarnarsa kafin furensa ya fito a gani. Kuma a gajiyayyar gona ya fi ƙarfi. Ban taɓa ganin manomin da ya ce zai hana gonarsa taki don ƙuduji ya ji yunwa ba. Takin ma yake ƙarawa, gero ya yi ƙarfi, sannan ya bi ya tuge ƙudujin kafin ya zubar da iri.

Haka zancen masu cewa a sha ruwan kanwa ko na toka don a kashe tsamin ƙari. Huhu da ƙoda suna riƙe da ma'aunin jini tsakanin 7.35 da 7.45 dare da rana, abin da ka sha ba ya isa can ya sauya cikin ƙari, sai dai ya wahalar da ƙodar. A gefe guda kuma kada a ce na ce sukari ba shi da laifi. Ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin kansa iri-iri, ciki har da ta mama bayan ɗaukewar al'ada, kuma mai ciwon sukari dole ya bi ƙa'idarsa ko yana da kansa ko babu. Wannan maganar rigakafi ce ta shekaru, dabam take da ta matar da ciwo ya riga ya kama tana ramewa.

Ina sane da cewa magungunan nan na zamani sun yi mana nisa. Pembrolizumab kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowane gida a Maraɗi, kuma ko na'urar gashin kansa sai a 2021 ta fara aiki a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan. Duk da haka ilimin nan yana da amfani a tsakar gida. Shaƙewar iska, tsami da karkatattun hanyoyin jini duk suna ƙaruwa ne yayin da ƙari ke girma, kuma tsakiyar da ba iska tana jure wa gashi, magani ma da ƙyar yake isa gare ta. Ƙullutun da bai wuce gyaɗa ba a mama bai gama gina ganuwarsa ba, wuƙar likita tana iya ɗauke shi gaba ɗaya. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ana ɓoyewa don kunya, su ne lokacin ginin.

Da na koma wurin Goggo ban kawo mata sunan Warburg ba. Maganar ƙuduji na yi mata, ta kuwa gane tun kafin na ƙarasa, don ta fi ni sanin gona. Muka kira likitan da ke duba ta, na sa wayar a bainar kowa, ya ce ta ci duk abin da ranta ke so kuma cikinta ya karɓa, wake, ƙwai, nama in an samu, a kuma riƙa auna nauyinta duk mako. Babbar ƴarta ta ɗan yi gardama, ta ce ai mai muryar ya ce shi ma likita ne. Goggo ba ta tanka mata ba. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa jikanta dala ashirin ta ce, “Je ka wajen mai nono, ka ce mai kauri nake so. In ka dawo ka biya ta kanti.”